Ranar da Na Sa Muryar Inna a Bafil

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatun wannan shafi. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke aiko muku, ina tausaya wa waɗanda ban sani ba, yau dai ga ni na zo da nawa. Ba zan ambaci sunana ba, ba zan ambaci na kowa ba, kuma ina roƙon ku bar shi haka.

A lokacin da abin ya faru ni yarinya ce 'yar lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, ina shirin shiga ajin ƙarshe. Gidanmu yana wani ƙauye a yankin Korgom, can nake komawa duk bakans, wato babban hutun damina. Ba ni da hayaniya, ba ni da yawan ƙawaye. Abin da na iya shi ne karatu da zaman tunani. Sai a aike ni rijiya in tsaya kallon yadda hadari ke haɗuwa ta gabas har igiyar guga ta kuɓuce mini. Ina rubuta 'yan waƙoƙi da Hausa da Faransanci, in karanta a gaban aji, malaminmu ya yaba, 'yan aji su tafa. Daga nan ne na ɗauka cewa duk abin da yake da kyau a duniya, haƙƙinsa ne a fito da shi fili kowa ya ji.

Ni ce ɗiyar fari a wurin mahaifiyata. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye ni aka mayar da ni ɗakin kakata ta wajen uba, a cikin gida ɗaya, tsakar gida ce kawai tsakaninmu da ɗakin Inna. Idan tana son in zo sai ta ce ke, ko ta ce wa ƙanwata ta kirawo yayarta. In na yi na ɗaya a aji aka zo ana yi mata barka, sai ta ce a je a yi wa tsohuwa, ita ina ruwanta. Na san al'ada ce, kowa ya sani, amma sanin bai hana zuciyata marmari ba. A littattafan da muke karantawa a lakwal, wato makarantar boko, uwaye suna rungume 'ya'yansu suna kiransu da sunaye masu daɗi, ni kuwa sai in ga Inna tana yi wa ƙannena kitso tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, in juya in shige ɗakin Kaka. Ban taɓa jin haushinta ba. Kwaɗayi ne kawai nake yi, na in ji yadda sunana zai fito daga bakinta.

A wannan bakans ɗin ne kawuna, ƙanen Inna, ya dawo daga Aljeriya inda ya je neman aiki. Ya kawo mini tsaraba biyu da ban taɓa mafarkin mallaka ba. Ɗaya ordinatar ce ta hannu, wato kwamfuta, wadda ta sha hannu har harafi ɗaya ya ɓalle. Ɗayar kuwa 'yar na'urar sauraron waƙa ce da muke kira em-pe, ba ta fi kwalin ashana ba, da igiyarta ta sa wa a kunne. Ya ce ordinatar ta karatu ce, em-pe kuma don in riƙa hutawa kada boko ya busar mini da kai. Ƙauyenmu babu wutar lantarki, sai dai a kai sharji wurin mai shagon da yake da allon hasken rana a kan rufinsa. Ran kasuwa na kai katin na'urar wurin masu tura waƙa suka cika mini shi. Daga ranar igiyar nan ba ta barin kunnena. Kaka, wadda take kirana Madamu tun ranar da aka sa ni lakwal, ta raɗa wa em-pe suna kaskar kunne. Ta ce da ma can kiran Madamu sai an yi sau uku, yanzu da kaska ta kama ta sai an haɗa da jifa. Na ce mata kishi take yi don ita kunnen nata ba ya ɗaukar komai sai tsegumi, ta ɗaga sanda, na ruga ina dariya.

Ana nan sai na gano cewa na'urar tana da wani ɗan jan madanni a gefe, in ka danna sai ta ɗauki sauti. Wannan ya fi waƙoƙin duka burge ni. Na shiga yawo da ita a tafin hannu ina ɗaukar duk abin da kunnena ya so: ruwan sama a kan kwano, kukan zabi a bayan gida, ƙarar amalanke a cikin yashi, da faɗan da Kaka ke yi da akuyarta. Da na sa wa Kaka a kunne ta ji muryarta, sai ta zabura ta ce wace tsohuwar mafaɗaciya ce wannan, a fitar mata da ita daga kai. Duk gidan aka yi ta dariya, har Inna da ke bakin murhu na ga kafaɗunta suna motsi. Ban taɓa tambayar kowa izini ba kafin in danna. A ganina wasa ne, kuma sauti ai na iska ne, ba na kowa ba.

Wata rana da hantsi na tashi da zazzaɓi, ban bi Baba da ƙannena gona ba. Ina kwance a ƙuryar ɗakin Kaka, ita kuma ta ɗauki sandarta ta fita maƙwabta. Inna ta ɗauka gidan babu kowa. Ita ce take niƙa hatsin kunun Baba a dutse, domin ya ce garin inji warin mai yake yi masa. Na ji ta durƙusa, na ji dutsen ya fara tafiya yana dawowa, sai kuma na ji wata murya siririya tana bin dutsen. Ban taɓa sanin Inna tana waƙa ba. Na ɗaga kai ina saurare, sai na ji sunana. Wallahi da farko na ɗauka zazzaɓin ne. Ta sake faɗa, ta kuma faɗa, duk turawar dutse sai ta sauke ta a kan sunana. A cikin waƙar tana cewa ranar da aka raɗa mini sunan ya yi mata daɗi, amma aka ce ba nata ba ne na faɗa, shi ya sa take riƙe da shi a baki kamar gishirin da aka hana ta haɗiyewa. Tana cewa ta san takuna a cikin takun duk 'yan matan da ke dawowa daga rijiya. Tana cewa ranar yaye tsohuwa ta zo ta goya ni ta tsallaka tsakar gida da ni, tafiyar ba nisa amma ta fi mata Makka nisa, nono ya jiƙa mata zane, ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda. Tana cewa ranar da na hau amalanke zan tafi Tasawa ta zaga bayan rumbu kamar mai korar kaza, don kada a ga idonta.

Na cusa bakin zane a bakina don kada kukana ya fita. Da na tsaya nan, da yau ba ni da abin rubuto muku sai godiya. Amma hannuna ya riga ya saba. Na rarrafa na kai bakin ƙofa, na tura em-pe ta ƙarƙashin asabari, na danna jan madannin. Da ta gama ta share dutsen ta fita kai hura gona, ba ta san ina nan ba. Da yamma na juye sautin a ordinatar, na yanke kukan kaji da ke farkonsa, na ƙara masa ƙarfi, na mayar a kati. Da wannan na koma Tasawa. Shekarar nan ta bak, wato jarrabawar kammala lise, ta yi mini nauyi, ga yawan karatu, ga kewar gida, ga tsoron faɗuwa. Duk safiya kafin in tafi lakwal sai in sa igiya a kunne in ji Inna tana kirana. Ranar jarrabawar lissafi da nake tsoro, a bakin ƙofar shiga na saurare ta, sannan na shiga na zauna hankalina kwance. Ban gaya wa kowa ba. Kuma saboda yawan ji, kunnena ya daina jin komai a waƙar sai sunana. Sauran maganganun da ke ciki duk sun zame mini kamar ƙarar dutsen.

Allah ya taimake ni na ci jarrabawa, na samu gurbi a jami'a. Kafin tafiyata aka ce mata za su taru a gidanmu bayan la'asar su yi mini barka da addu'a. A kwanakin ne wata dabara ta shigo mini, kuma ina rantse muku na ɗauke ta a matsayin mafi kyawun abin da zan taɓa yi. Na ce a raina, ga mace tana da irin wannan baiwa, waƙarta ta fi duk waɗanda muka karanta a aji, amma ba wanda ya sani sai dutse. Ni aka tafa wa a kan 'yan baitocina, ita da ta fi ni ba a taɓa tafa mata ba. Kuma a can ƙasan zuciyata akwai wani abin da ban yarda na kalla ba a lokacin: ina so duk garin ya san cewa ni ma uwata tana sona. Na aro wani ɗan bafil mai batir, irin wanda ake soka wa kati ya yi ƙara, na soka masa katina, na ɓoye shi a ƙarƙashin mayafina.

Tsakar gida ta cika. Gwaggonnina, ƙannen Baba, suna kan tabarma ɗaya da Kaka, maƙwabta sun zauna a inuwar darni, 'yan mata suna tsaye a baya. Inna tana gefe tana dama hura a babbar ƙwarya kamar taron ba nata ba, duk wadda ta ce mata barka sai ta nuna Kaka da ludayi. Da aka shafa addu'a na miƙe na ce ina da tukuici ga wadda ta ci mini jarrabawar nan. Kaka ta gyara zama ta ce to Madamu, a miƙo, ai ta san ita ce. Na aje bafil a tsakiya na danna. Ƙarar dutse ta fara fita, mata suka yi dariya suna cewa yau kuma niƙa aka kawo mana daga lakwal. Sai muryar ta shigo. Dariyar ta ragu, aka fara kallon juna. Da sunana ya fito, da ƙarfi, har bayan darni, sai wurin ya yi tsit. Na dubi Inna ina murmushi, ina jiran in ga farin ciki. Ludayin yana hannunta a sama, hura tana ɗiga, fuskarta kamar ta wadda aka yaye wa zane a kasuwa. Wata taubashiyarta, mace mai baki, ta rangaɗa guɗa ta ce ashe shiru-shirun nan zabiya muke zaune da ita ba mu sani ba, ashe kunyar ta ido ce, a kawo kuɗin liƙi. 'Yan mata suka fashe da dariya. Daidai nan waƙar ta iso wurin yaye, wurin da tsohuwa ta goya ni ba a tambayi uwata ba. Sai a lokacin na ji maganar da kunnen mutane. Na lalubi madannin kashewa, ban same shi ba sai da baitin ya ƙare a gaban Kaka da 'ya'yanta. Inna ta aje ludayin a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na bi ta da gudu na tsaya a bakin ƙofa ina kiran Inna, Inna, ba ta amsa ba. Na manta da bafil a tsakar gida. Kafin in dawo 'yan mata sun zare katin sun sa a wayoyinsu, sun tura wa juna, sun mayar da shi. Ba da mugunta suka yi ba, daɗin waƙar suka ji, kamar yadda ni ma na ji. Cikin 'yan kwanaki sai ga waƙar Inna a bakin rijiya, yara suna rera ta suna kwaikwayon niƙa, wani mai kabu-kabu ya wuce da ita a wayarsa. Baba ya bi gida gida yana roƙo a goge, wasu suka goge, wasu suka ce sun goge. Ni bai yi mini faɗa ba, ya dube ni kawai ya ce ashe karatun bai kai inda yake zato ba. Inna ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa suna da biki. Da safe takan durƙusa ta gai da Kaka kanta a ƙasa, ta tashi da sauri kamar mai laifi. Ta jingine dutsen niƙa a bango, ta fara aika hatsi inji, Baba ya riƙa shan kununsa haka nan da warin man. Ni kuwa ba ta zage ni ba, ba ta harare ni ba. Abincina yana nan a rufe a inda ta saba aje mini. Da ta doke ni da na fi samun sauƙi. Ranar tafiyata tana matsowa, ina ganin zan bar gida na bar uwata ba ta iya ɗaga kai a cikin gidanta, kuma na rufe da hannuna ƙofa ɗaya tak da take fitowa ta same ni.

Kaka ce ta kira ni wata rana bayan azahar tana ɓarar gujiya. Ta ce Madamu mai kaska, zo ki zauna, kukan ya isa haka, kin ƙarar mana da ruwan randa. Na durƙusa na ce ta yafe wa Inna maganar yaye, laifina ne. Ta yi dariya har ta yi tari. Ta tambaye ni wai ni a zatona na tono abin da ba wanda ya sani ne? Ta ce waƙar nan tun ina rarrafe take jin ta, baitin da ya shafe ta ma ta fi ni haddace shi, kuma gaskiya ce uwata ta faɗa, ta ɗauke ni ba ta tambaya ba, kamar yadda aka ɗauke mata ubana, ɗanta na fari, ba a tambaye ta ba. Ta ce in faɗa mata ranar da na taɓa jin sunan ubana a bakinta. Ni kuwa ban taɓa ji ba, ban ma taɓa lura ba. Ta ce ita ma tana da tata waƙar, kuma uwar mijinta ta mutu tana nuna ita kurma ce. Ta ce ina zaton son maƙwabta ne yake fitar da ita duk hantsi da ciwon gwiwarta? Da ta ga uwata ta ɗauko hatsi ta nufi dutse, sai ta ɗauki sanda ta ba ta gidan. Duk matan da suka yi tsit ran nan, in ji ta, kowace tana da irin wannan waƙar a cikinta, shi ya sa suka yi tsit. Ta ce abin ba ɓoyayye ba ne, rufaffe ne, kuma kowa yana riƙe da gefen murfin. Ta ƙare da cewa lakwal ta koya mini ji, amma ba ta koya mini yadda ake ji a yi kamar ba a ji ba, kuma a gidan mutane wannan ne babban karatu.

Daga nan ta kakkaɓe zanenta ta ce in ɗauko tarkacena in biyo ta. Muka tsallaka tsakar gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. Na durƙusa na aje ordinatar da em-pe da katin a gabanta, na ce ta yafe mini, ga su nan, zan goge komai a kan idonta, in ta so ma a jefa su rijiya. Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da tsinka. Can sai ta ce da Kaka, Iya, a ce wa yarinyar nan ta ɗauke kayan mutane daga ƙasa kada kaji su taka. Sannan ta ce wanda ya fita gari ya fita, ba mai tattaro shi. Amma wanda ke cikin 'yar abar tata, a ce mata ta bar shi, tunda inda za ta ba ta san kowa ba. Sai dai na kunne ne, ba na tsakar gida ba. Kaka ta juyo ta maimaita mini maganar tiryan-tiryan da ƙarfi kamar ina Agadas, ta ƙara da nata, wai kin ji ko, shashasha. Sannan ta dubi Inna ta ce ita kuma ga kayanta nan da ta ɗauka ba ta tambaya ba, ta maido, a karɓa, da ma ci ne da ita kamar gara. Inna ta sa hannu ta rufe baki, ta ce haba Iya, wa zai karɓi kaya bayan boko ya gama lalata shi. Suka yi dariya su biyu, Inna tana share ido da gefen mayafi tana cewa hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Ni ina durƙushe a tsakaninsu ina kuka ina dariya, ba wadda ta ce in tashi.

Haka na tafi jami'a da yafiyarta. Waƙar ta yi zamaninta a gari, wasu sababbi suka zo suka ture ta, Inna ta koma zuwa rijiya da biki, ko da yake har yau taubashiyar nan in ta gan ta sai ta ce zabiya an fito. Amma yafiya ba ta maido da komai yadda yake ba. Ƙannena sun ce an daɗe dutsen yana jingine. Kaka ta rasu ina tsakiyar karatu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Yanzu in na je gida hutu, na ga hantsi ya yi, sai in tattara duk wanda ya rage a gidan in ce mu je rijiya mai nisa, in aje wayata da komai nawa a kan tabarma inda Inna za ta gan su, in yi sallama da ƙarfi, in ja ƙyauren. A hutun da ya wuce mun dawo da wuri, tun daga nesa na jiyo tafiyar dutse. Ko akwai murya a tare da shi, ban sani ba. Na sauke tuluna a gindin wata bishiyar bedi, na ce wa ƙannena mu huta, muka zauna a inda kunne ba ya kaiwa har ƙarar ta tsaya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na ga yanzu kowa yana da abin ɗaukar sauti da hoto a aljihunsa, kuma yawancinmu, musamman mu da muka yi karatu, muna ɗauka muna watsawa da kyakkyawar niyya. Ni ban yi don in tozarta uwata ba, don sonta na yi, kuma son bai rage mata zafin ko kaɗan ba. Na'urar ba ta da laifi. Ita ce ta riƙe ni a shekarar da na fi buƙatar uwa, har yanzu katin yana wurina, ina jin sa ni kaɗai in kewa ta yi yawa. Amma na'ura ba ta san kunya ba, ba ta san suruka ba, ba ta san abin da aka faɗa don a ji da abin da aka faɗa don a samu sauƙin zuciya ba. Mai riƙe da ita ne ya kamata ya sani. 'Yan'uwana, kafin ku danna ku tambaya, kafin ku tura ku sake tambaya, domin abin da ya shiga waya ta biyu ya fi ƙarfin kukanku. Ku kuma 'ya'yan fari irina da kuke zaton ba a damu da ku ba, kada ku je neman shaida. Ana kiran sunanku a inda ba ku ji, kuma in Allah ya sa wata rana kun ji, ku riƙe a zuciya ku koma da baya a hankali, ku bar mata gidanta.